Baba da Komarshi Mai Laushi

Ranar da aka kai Baba makwancinshi, gidanmu ya cika har bakin rariya. Mutanen Faskari sun zo, na Sabuwa sun zo a kan babura duk da halin da hanya ke ciki, dangin mijina kuma suka biyo ni daga Ƙanƙara. Kowa ya shigo da magana guda a bakinshi: "Ayya, Sarkin Ruwa! Bawan Allah mai tausayi. Mutumin da ko kifi bai yarda a ƙwarzana ba." Wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana sharɓar kuka, ta ce duk haihuwar da ta yi a duniya kifin Baba ta ci a jego. Na ce mata Allah ya ba da lada. Gaskiya ta faɗa. Ni dai ina zaune kan tabarma ina cizon leɓe, don na san mutumin da suke yabo, na kuma san wanda ya haife ni, kuma mutum ɗaya ne.

Yayana bai samu jana'iza ba. Daga wajen Kaduna ya taso, sai bayan la'asar ya iso. Shi ne babban ɗan Baba, mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan Inna, amma ya raɓe can gefen zaure kamar wanda ya zo cin arziki. Kowa ya san abin da ke ranshi. Shekaru da yawa da suka wuce Baba ya ce bai yafe mashi ba, kuma so yake ya ji ko tsohon ya janye maganar kafin ya cika. Ni ce a kan Baba lokacin da ya cika. Amsar tana bakina ke nan, na kuwa yi ta zille mashi, in ya leƙo tsakar gida sai in shige ɗaki.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Baba. Amma in za a tuna shi, a tuna shi gaba ɗaya. Rabin da masu gaisuwa suka kawo ba shi ne duka ba.

Garinmu yana da tafki guda babba a ƙarƙashin dutse, kuma Baba ne Sarkin Ruwanshi tun ban san kaina ba. Tun da daji ya lalace aka daina zuwa gulbi, tafkin nan shi ne kifin gari duka. A cikinshi akwai manyan ramboshi, tsofaffi, waɗansu sun kai tsawon yaro mai tafiya makaranta. Baba yana kiransu iyaye. Dokarshi ita ce ba a cin iyaye. Ranar su, wato ranar da gari ke shiga tafkin kamun kifi, in ɗaya ta faɗa hannun wani, sai a yi ihu a kira Baba, ya zo da komarshi ya ɗaga ta ya mayar ruwa. In rani ya yi nisa ruwa ya ja, shi ke kwashe su ɗaya bayan ɗaya ya kai gurbi mai zurfi da ke gindin dutsen, su zauna can har damina ta haɗe ruwan.

Komar nan ita ce rayuwarshi. Da hannunshi yake saƙa ta da zaren auduga, ya murza ƙullin har ya kwanta, ya lanƙwasa reshen geza ya yi mata baki mai faɗi, cikinta kuma mai zurfi don kada babban kifi ya naɗe. Kafin ta shiga ruwa sai ya jiƙa ta cikin ruwan dargaza har ta yi yauƙi. Yakan ce yauƙin jikin kifi shi ne rigarshi, wanda ya tuɓe mashi ita ya kashe shi, ko da ya sake shi da rai. In aka kawo mashi koma ya duba, ba ya kallonta da ido. Leɓenshi na ƙasa yake goga wa. In ta karce shi sai ya yi wurgi da ita, ya ce, "Wannan ta kamun ɓarawo ce." Na ga magidanta masu furfura suna tsintar komarsu a ƙasa suna dariyar yaƙe.

Babbar cikin iyayen, wata mai faɗin kai da dogon gashin baki, Hajiya yake ce mata. Wallahi haka. Zai dawo gida fuskarshi a sake ya ce, "Yau Hajiya ta hito shan iska." Inna kuwa, wadda ta haifa mashi 'ya'ya ta binne fiye da rabinsu, ban taɓa jin ya kira ta da wani abu ba sai "ke". In tuwo ya yi tauri, ba ya faɗa. Zai ture kwanon da ƙafa ya tashi. In ka yi mashi laifi ba ya ɗaga murya, zai dube ka ne ya ce, "Mi aka yi aka yi ka?" Mun fi tsoron wannan tambayar da bulala.

Kada in ci haƙƙinshi, alherinshi ma gaskiya ne. Babu matar da za ta haihu a garinmu, ta Musulmi ce ko ta Maguzawan da ke bayan dutse, da ba za ta ga ƙwaryar kifi daga gidan Sarkin Ruwa ba kafin kwana ya zagayo. Ba ya jira a roƙa, ba ya son godiya. Lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da ni, shi ya zauna yana ɗura mini romon tarwaɗa da ludayi, yana tsince ƙaya da farcenshi. Da na warke na je na rungume ƙafarshi, sai ya ce, "Ke, tashi, kin ɓata mini wando." Haka yake. Hannunshi yana da taushi, bakinshi ne babu.

Abin da ya raba shi da Yaya ya faru ne wani rani mai tsanani. Baba ya tafi Sabuwa gaisuwar rasuwa, ya daɗe fiye da yadda ya yi niyya. Ruwan tafki ya ja da sauri, iyaye suka fara birgima cikin taɓo suna buɗe baki. Komar Baba tana ɗakinshi, ɗakin a kulle, kuma ya sha faɗa cewa wanda ya taɓa ta zai gani. Yaya lokacin magidanci ne, matarshi da tsohon ciki. Ya tsaya bakin tafki yana kallon kifin nan suna mutuwa a tsaye, ya rasa yadda zai yi. Sai ya ari komar wani maƙwabci, irin ta kasuwa mai zaren roba da ƙulli kamar tsakuwa, ya yini yana kwasar su zuwa gurbi. Ya dawo gida jikinshi duk taɓo, yana murna ya ceci kayan Baba.

Bayan 'yan kwanaki fatar waɗansu ta yi fari-fari inda zaren ya karce su, suka taso saman ruwa ciki a sama. Hajiya ta sha, amma ƙanwarta, kamar yadda Baba ke kiran ta biyu a girma, ta mutu.

Da Baba ya dawo bai shiga gida ba. Ya sa aka tara masunta a bakin gurbi. Ni na je kai fura, na tarar da taron. Ya ce a kawo komar maƙwabcin, busasshiya. Ya ce wa Yaya, "Tuɓe riga."

Yaya ya ce, "Baba, da na bar su duk mutuwa za su yi."

"Na ce tuɓe riga."

Ya tuɓe. Baba ya naɗe komar a hannu, ya ɗora a bayan ɗanshi, ya danna, ya ja daga kafaɗa har ƙugu, a hankali, ba gaggawa. Ya sake ja. Fatar ta ɗaye, jini ya tsattsafo layi-layi. Wani dattijo ya ce, "Haba Sarki, ya isa!" Baba bai ko dube shi ba. Ya ce wa Yaya, "Ka ji abin da ta ji?" Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Ku shaida, wanga ba ɗana ba ne. Ban yafe mashi ba, duniya da lahira."

Kan kifi! Furar nan ban san inda na zubar da ita ba.

Matar Yaya ta haihu cikin makon nan. Ƙwaryar kifi ta shiga gidan kowa a shekarar, ita ba ta gani ba, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu. Da aka yi suna Yaya ya tattara iyalinshi ya bar gari. Ya samu aiki wurin masu kiwon kifi a wajen Kaduna, don shi ma ban da kifi bai san komai ba.

Ba irin bikon da ba a yi ba. Liman ya je, Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Malam, ka gama? To ga kifi a kai wa iyali." Kawunmu ya taso daga Ketare takanas, Baba ya bar shi zaune a zaure ya tafi tafki. Inna ta roƙe shi tana kan ciwon ajali, muryarta ko fita ba ta yi, ya ce mata, "Ke, ji da kanki." Da ta rasu Yaya ya zo. Baba yana zaune yana karɓar gaisuwa, yana ba kowa hannu. Da layi ya zo kan Yaya, ya durƙusa ya miƙo hannu biyu, sai Baba ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Wannan baƙon daga ina?" Mutum da gawar uwarshi ko sanyi ba ta yi ba a kabari. Tir! Ranar na ji na tsani ubana, ban kuma ɓoye wa Allah ba.

Bana da sanyi ƙafafun Baba suka kumbura, ido ma ya yi rauni. Na baro Ƙanƙara, na bar kaskon suyar kifina a hannun ɗiyata, na dawo jinya. Abin da ke damunshi ba ciwon ba ne. Komarshi ta tsufa, zaren ya ruɓe, yatsunshi kuma ba su iya saƙa wata. Masunta suka yi ta kawo nasu, yana gogawa a leɓe yana jefarwa. Ni kuwa na yi wa Yaya waya na faɗa mashi, ko Allah zai sa ta nan a dace.

Yaya ya ɗauki abin da gaske. Ya ba ni labari daga baya cewa shago-shago ya bi a Kaduna, inda ake sayar wa masu kiwo kaya, yana ɗaukar koma yana gogawa a leɓe, masu shago suna kallonshi suna ƙus-ƙus, sun ɗauka taɓin hankali ne. Wata ya ce idonta ya yi faɗi, ƙayar kifi za ta maƙale. Wata cikinta ya yi tsini, babban kifi zai lanƙwashe a ciki. Wata ta yi laushi amma bakinta ba zai ɗauki kan Hajiya ba. Har ya samu wata baƙa, ta roba mai taushi kamar kunnen ɗan akuya, babu ƙulli ko ɗaya a jikinta, gindinta shimfiɗaɗɗe, mariƙinta mai ƙarfi. Ya ɗauro ta a bayan mota ya taho.

Bai shiga ɗakin ba. Ya tsaya bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ni na kai wa Baba. Tsohon ya shafa ta tun daga baki har gindi. Ya zura hannu ciki har kafaɗa. Ya kai ta leɓenshi ya goga, ya sake gogawa. Wallahi na ga fuskarshi ta yi haske yadda ban gani ba tun rasuwar Inna.

Ya ce, "Kai! Wannan ta fi tawa. Wanda ya zaɓe ta ya san kifi."

Na ce, "Baba, Yaya ne. Ga shi nan bakin ƙofa."

Yaya ya durƙusa daga inda yake ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Baba ya ci gaba da shafar komar. Can ya ce, "Rataye ta inda rana ba ta bugu. Ki ce wa mai tallan na gode, shina iya tahiya."

Na ji ƙarar takalmin Yaya yana sawa. Ko ruwa bai sha ba a gidan ubanshi, ya juya Kaduna.

Baba ya cika da hantsi, zafi ya fara, ruwan tafki ya fara ja. Hankalinshi garau har ƙarshe, kada wani ya ce ciwo ne ya yi magana. Ya ce mini, "Ruwa ya ja. A kwashe su Hajiya kada a makara. A jiƙa sabuwar komar da dargaza, ko da roba ce." Na ce to. Sai na kama hannunshi, ina kuka, na ce, "Baba, don girman Allah, Yaya fa? Kalma ɗaya." Ya buɗe ido ya ce, "Kada ya taɓa mini kihi." Daga nan sai kalmar shahada, ya yi ta da kyau, baƙi ɗaya bai kuskure ba.

Wannan ita ce amsar da nake ɗauke da ita ina zille wa ɗan'uwana.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta so ta rufa asiri. Ranar sadakar uku ta kira Yaya ɗakinta, ta ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka. Ubanka ya yahe maka. Da kunnena na ji, har albarka ya sa maka." Gwaggo kuwa tana Pauwa lokacin da ya cika. Yaya ya yi godiya, ya fito, ya same ni ina wanke-wanke a bayan ɗaki, wurin da babu hanyar gudu. Ya tsuguna gabana. Na ga furfura a gemunshi, ban san ya yi ta ba.

Ya ce, "Ke ba ki iya ƙarya ba tun muna yara. Ya ambace ni?"

Na ce, "Ya ambace ka."

"Mi ya ce?"

Na faɗa mashi, kalma da kalma, ban rage ba. Gwaggo har yau ba ta yi mini magana, ta ce ni ɗiyar ubana ce, bakinmu ɗaya. Oho. Mutum ya yi shekaru yana jiran magana, ba zan ba shi ta jabu ya tafi da ita kabari ba. Yaya bai yi kuka ba. Ya gyaɗa kai, ya ce, "To. Madalla." Ya tashi ya karkaɗe wando.

Da safiyar sadakar bakwai na duba inda na rataye komar, babu ita. Wata maƙwabciya ta ce ta ga Yaya tun da sassafe yana dakan ɓawon dargaza. Sai na ji sanyi a raina, na ce ashe dai zai cika wasiyyar, ko da an hana shi.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga amalanke a ƙofar gida, da manyan robobi cike da ruwa, yara na bin ta da ihu. Iyaye ne a ciki, dukansu, da ransu. Ba gurbi ya kai su ba. Yaya ya sa aka shigo da su tsakar gida, ya zura komar ya ɗago Hajiya, ya kwantar da ita kan jiƙaƙƙen buhu a hankali kamar mai kwantar da jariri. Tana sheƙi, gashin bakinta na motsi.

Ya ce mini, "Zo ki duba ta. Juya ta. Akwai ƙwarzane?"

Na duba ciki da baya. Na ce, "Babu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya ce, "To ki shaida." Ya zaro wuƙa.

Dattijon nan da ya taɓa cewa "ya isa" a bakin gurbi, shi ne ya faɗo gidan ba ko sallama, yana haki. Ya ce, "Kai yaro, kana hauka? In ka yanka waɗannan, tafkin fa? Mi za mu ci baɗi?"

Yaya bai ɗago ba. Ya ce, "Dattijo, sadaka ce. Ladan na mamaci ne. Abin da ya fi so a duniya shi za a bayar dominshi. Ko akwai mai hana sadaka?"

Ba a naɗa sabon Sarkin Ruwa ba, babban ɗa kuma shi ke da gida. Tsohon ya fita yana salati.

Cikin iyayen cike yake da ƙwai, don damina ta kusa. Ƙwan Hajiya kaɗai ya cika ƙwarya. Ni na soya su, tunda sana'ata ce, kuma babu wata mace a gidan da ta yarda ta taɓa. Ina juya su a mai hawaye na zuba, ban san wa nake yi wa kukan ba, kifin, ko Baba, ko wannan mutum da ke tsaye a kaina yana miƙo mini tsoka bayan tsoka.

Aka fitar da tire-tire zaure. Baƙin nesa ba su san komai ba, suka yi ta santi, wani ma yana cewa ko bayan ranshi Sarkin Ruwa bai daina ciyar da mutane ba. 'Yan gari sun sani. Waɗansu suka sunkuyar da kai, waɗansu kuwa, Allah ya gani, suka ci har da tanɗe yatsa. Ina tsaye bayan zana ina jin komai.

Liman ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya kai ladan kabarin mamaci. Sannan ya ce, "Jama'a, marigayi ɗan Adam ne. Duk wanda ya ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe mashi, don yanzu shi ke da buƙata." Zaure ya ɗauka, "Mun yafe, mun yafe." Ni ma daga bayan zana na ce na yafe, kuma har zuciyata. Liman ya jira hayaniya ta lafa, ya juya inda Yaya ke zaune, ya sassauta murya.

"Kai fa, babban ɗa? Ba mu ji bakinka ba."

Yaya ya tura tiren gaban liman, ya ce, "Malam, a ci kifi kada ya huce."

Allah ka jiƙan Baba, ka duba jegon matan da ya ciyar. Ka yi mashi sassaucin da bai yi wa ɗanshi ba, don ɗan nashi ya tafi Kaduna washegari bai ce ya yafe ba.